Santimita Ɗaya-Ɗaya: Hira kan Mondo Duplantis

Bashir: Tun da muka saka bidiyon tsallen Mondo Duplantis saƙonni ba su tsaya ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai anya mutum ne? Mita 6 da santimita 30 fa, a Tokiyo, Satumban 2025. Karo na 14 ke nan da yake karya tarihin duniya a tsallen sanda, wasan da ake dogara doguwar sanda a haye wata sanda da aka gitta a sama.

Hauwa: Ni abin da ya tsaya min a rai, me ya sa sai santimita ɗaya yake ƙarawa? Kalli bidiyon, tsakanin cikinsa da sandar da aka gitta akwai fili.

Bashir: Yawwa Hauwa, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kowace karya tarihi da ladanta. A gasar duniya dala 100,000 ake bayarwa. Kuma ba shi ya fara ba, Sergey Bubka, tsohon zakaran tsallen sanda ɗan Yukiren, haka ya riƙa yi, sau 35 yana karya tarihi, shi ne ya fara haye mita 6 a Faris a 1985. Amma kada kuɗi su rufe mana ido. Ku tuna daren Faris a gasar Olamfik ta 2024. Zinare ya riga ya shiga hannun Duplantis, kowa ya gama, saura shi kaɗai a fili. Ya ce a ɗaga zuwa 6.25. Na farko ya kayar, na biyu ya kayar. Abokan karawarsa, Kendricks da Karalis, suna gefe suna tafa masa tare da jama'a. A na uku ya haye, bai ma gama sauka kan katifa ba ya fara ihu. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Nura: To mene ne sirrin? Ƙarfin hannu?

Bashir: Gudu ne, Malam Nura. Gudun da ka kwaso shi ke lanƙwasa sandar, ita kuma in ta miƙe ta cilla ka sama. Shi ya sa a 2024 a Zurik ya kara da ɗan tsere Karsten Warholm a tseren mita 100, ya cinye shi, ya gama cikin daƙiƙa 10.37.

Nura: Tsaya, wannan karon da suka yi caca, wanda ya faɗi zai sa rigar ƙasar ɗayan?

Hauwa: Shi! Washegari Warholm, ɗan Nowe, ya fito fili da rigar Siwidin.

Nura: Kai, ni da in sa rigar abokin hamayya gara a ce in sake tseren sau goma.

Hauwa: Ai alkawari kaya ne. Ya sa ta kuma bai ɓata rai ba.

Nura: Amma fuskarsa fa? Kin kalli fuskarsa da kyau?

Hauwa: Na kalla, murmushi yake.

Nura: Murmushin ya fi kuka ciwo dai.

Bashir: Ku bari mu dawo. Yaron nan a Lafayette ta jihar Luwiziyana aka haife shi a 1999. Babansa Greg ɗan tsallen sanda ne da ya taɓa haye 5.80, mamarsa Helena 'yar Siwidin ce, ita ma 'yar wasa, ƙasarta Duplantis yake wakilta. A bayan gidansu aka shimfiɗa masa katifa da hanyar gudu tun yana ɗan ƙarami. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana da shekara 20 ya haye 6.17 a Torun ta Folan, ya goge 6.16 ɗin Renaud Lavillenie, ɗan Faransa, wanda shi ne gwanin Duplantis tun yana yaro. Bayan mako guda a Gilasgo ya ƙara santimita ɗaya.

Hauwa: Yaya Bashir, mun ce za mu yi maganar ko ya wuce Bubka.

Bashir: Zinaren Olamfik biyu gare shi, Bubka ɗaya. A wajena ya wuce shi.

Nura: Bubka fa sau 6 a jere yana cin gasar duniya, ban yarda ba tukuna.

Hauwa: Lokaci ya ci mu, sai mako mai zuwa ku ƙarasa.