Eriya mai kama da ƙashin kifi: me ya sa take kamo tashoshi da yawa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau kan rufin ɗaki za mu hau, maganar eriyar talabijin za mu yi, irin wadda ake ce ma log periodic. Na san kun sha ganinta ko da ba ku san sunanta ba, ita ce wadda sandunanta suke jere kamar ƙashin kifi, na baya doguwa, mai bi mata ta ɗan fi ta gajarta, haka haka har a zo kan 'yar ƙarama can gaba.

To me ya kawo wannan jerin? Kowace tasha tana da zangon da take watsa shirye-shiryenta a kai, wato abin da ake kira frequency, ana auna shi da megahaz, kuma kowane zango akwai tsawon sandar da ta fi jin sa. Misali tashoshin talabijin da ke rukunin zangon da ake kira UHF, yanzu a yankinmu daga megahaz 470 zuwa 694 suke, to tashar da ke can ƙasa wajen 470 tana son sanda mai kusan santimita 32, wadda ke sama wajen 694 kuma santimita 21 da ɗoriya ta ishe ta. Kun ga kenan sanda ɗaya ba za ta gamsar da kowa ba. Shi ne wasu injiniyoyi a jami'ar Illinois ta Amurka, Raymond DuHamel da Dwight Isbell, a ƙarshen shekarun 1950 suka fito da dabarar a jera sanduna masu tsawo daban-daban, kowace tana raguwa da kaso iri ɗaya daga ta bayanta. In ka kamo wata tasha, sanduna biyu zuwa uku ne kawai waɗanda tsawonsu ya dace suke aikin, sauran kusan hutawarsu suke, kana canza tasha sai aikin ya koma kan wasu sandunan. Kamar dai 'yan dako ne a tashar mota, kowa da irin kayan da yake ɗauka.

Amma fa a nan ne mutane ke yin kuskure, ana ganin yawan sanduna sai a ɗauka ta fi kowace eriya ƙarfi. A'a. Eriyar Yagi, mai sanduna kusan tsawo ɗaya, wadda aka ƙirƙiro a Japan tun 1926, in tsawonsu ɗaya ta fi ta jawo sigina daga nesa, saboda ita duk sandunanta taruwa suke kan yanki guda na zango. Abin da log periodic ta fi ta shi ne adalci, ba ta fifita wata tasha, yadda ta kamo ta ƙasa haka za ta kamo ta sama. Don haka in kana cikin gari ko gefen gari kuma tashoshinka a warwatse suke, ni dai ita zan ce ka saya. In kuwa kana ƙauye mai nisa sosai da turken watsawa, ka nemi doguwar Yagi ka huta.

Wajen ɗaurawa, ƙaramin bakin ne gaba, shi za ka saita ya kalli turken, ba faffaɗan ba. Wallahi na sha ganin an juya ta baibai ana ta zagin mai shago. Wayar ma a ƙaramin bakin ake haɗa ta sannan ta bi jikin ƙarfen ta fito ta baya, kar ka bar ta tana lilo tsakanin sanduna. Sannan ka leƙa eriyoyin maƙwabta da hotonsu ke fita tas, in sandunansu a kwance suke kai ma ka kwantar, in a tsaye suke ka tsayar. Ka ɗaga ta sama da rufin kwano sosai, ka kauce wa tankin ruwa da manyan bishiyoyi, kuma don Allah ka yi nesa da wayar wutar lantarki, ba a wasa da wannan ko an ɗauke wuta, ba ka san lokacin da za a kawo ba.

Yanzu zamanin dijital ne, tun 2016 aka fara sauyin a Jos, kuma ba kamar da ba da hoto ke yin yayyafi amma ana gani a haka, yanzu ko ya fito garau ko ya riƙa daskarewa yana farfashewa ya ɗauke gaba ɗaya. Saboda haka ka shiga saitin dikoda wajen da ke nuna sigina, za ka ga layi biyu, na ƙarfi da na inganci, na ingancin za ka sa wa ido, mutum ɗaya a sama yana juyawa a hankali ɗaya a ƙasa yana faɗa masa ya ƙaru ko ya ragu, a ɗan jira daƙiƙa biyar bayan kowace juyawa don dikoda ba ta nunawa nan take.

Kebul kuma kar ka yi masa rowa, mai kyau irin wanda ake kira RG6 za ka saya, guda ɗaya daga sama har ƙasa ba ɗaure-ɗaure, ka naɗe mahaɗin da ke waje da salatif, don ruwan damina in ya shiga ciki ya gama da shi, ga ranarmu tana busar da robar ta tsattsage. Busta fa, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina? Ba ta ƙirƙiro siginar da babu, har hayaniyar take ƙara wa ƙarfi, amfaninta in kebul ya yi tsawo ne ko za ka raba wa talabijin biyu ko uku. In kuma kusa da gidanku akwai turken wayar salula, ka duba kwalin eriyar, tsofaffin samfuri suna kamawa har 862, suna kwaso siginar 4G su dagula hoto, sai ka nemi mai tsayawa a 694 ko ka sa mata matacin LTE, wato na'urar da ke tare siginar 4G, kafin busta.