Ciwon ɓarin kai da gwajin EEG: lacca ga ɗaliban kiwon lafiya a Katsina

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba. Abu uku zan faɗa.

Na farko, na'urar EEG kanta, wato mai ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa. Hans Berger, likita a Jamus, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924. Ana liƙa wayoyi kamar ashirin a fatar kai, mutum ya zauna minti 20 zuwa 30. Mata, ku gaya musu su tsefe kitso, kada a shafa mai. Kuma na'urar ba ta jan mutum, saurare kawai take yi.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon ɓarin kai, kafin kan ya sara, sai su ga walƙiya mai zigizaga a gefen ido, ko yatsu su yi tsami, abin ya hau hannu har leɓe, ko magana ta sarƙe. A gida sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi. A 1941 Karl Lashley, wani masani a Amurka mai fama da ciwon, ya riƙa zana abin da yake gani a takarda, ya lissafa tafiyarsa a ƙwaƙwalwa: milimita 3 a minti. Milimita 3, jama'a! A 1944 Aristides Leão, ɗan Brazil, ya ga igiyar lantarki mai irin wannan tafiya a ƙwaƙwalwar zomo. Kamar wutar kara ce a gona bayan girbi: gaba na ci, baya toka. Shi ya sa alamar ke rarrafe, minti 5 zuwa 60. Ta farfaɗiya daƙiƙu ce. Shanyewar ɓarin jiki kuwa faɗowa take yi lokaci guda. Milimita 3, ku rubuta. Malam mai jar hula, na ga biro ya tsaya!

Amma ƙoƙon kai yana danne wannan igiya, EEG na yau da kullum ba ya kama ta. Galibi takardar sai ta fito lafiya lau, kuma ciwon na nan. Wanda ɓarin jikinsa ya saki lokacin ciwon, a kan ga igiyoyin sun yi nawa a ɗaya ɓarin ƙwaƙwalwar, daga baya su dawo daidai. Na uku... ina muke? To dai, kada ku tura mai ciwon kai gwajin nan sai kuna zargin farfaɗiya. Labarin majiyyaci ne ke gano ciwon.

Na'am, Hajiya? Ta ce ƙwayar tazarar haihuwa fa. Allah ya saka da alheri. Macen da ke ganin walƙiyar nan, ƙwaya mai sinadarin estirojin tana ƙara mata haɗarin shanyewar jiki, bare in tana shan taba. Ku tambaye ta kafin ku miƙa: “Kina ganin wani abu kafin kan ya fara?” In ta ce eh, akwai allura, akwai ashanar hannu, a zaɓa mata ɗaya.