Sharhi: Neman abokin tagwaici a ramin Janiba

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau daga nan Maraɗi zai kai mu kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janiba, inda cibiyar binciken kimiyya ta Turai, wato CERN, ta gina rami mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. A cikinsa ake cilla furoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarra, da gudu kusan na haske, a gwara kawunansu, sannan a duba ɓaraguzan da suka tarwatse.

Me ake nema? Tun shekarun 1970 masana kimiyyar fiziks irin su Wess da Zumino suka kawo ka'idar da ake kira sufasimitiri, wadda ke cewa kowace ƙwaya da muka sani tana da abokin tagwaici mai nauyi da ba a taɓa gani ba. Wato mun san Hasana, Usaina ce ta ɓuya. An so ka'idar nan ƙwarai, don mafi sauƙin nauyi cikin tagwayen na iya zama ɓoyayyen abun nan da ke riƙe da tarin taurari amma ido ba ya ganinsa.

To yaya ake kama abin da ba ya barin sawu? Ku ɗauka tulu ya faɗi a tsakar gida ya fashe. Katanga za ta watsu gabas da yamma, kudu da arewa. In kuka tarar duk ta nufi gabas, yamma fayau, kun san akwai wani gutsure da ya yi yamma, ya tsallake danga ba ku gan shi ba. Abin da na'urorin ATLAS da CMS, masu lura da karon a cikin ramin, ke aunawa ke nan: giɓin ƙarfi. Matsalar ita ce, akwai wata sananniyar ƙwaya, nutirino, da ita ma take sulalewa ta bar irin wannan giɓi. Saboda haka sai an fara lissafa giɓi nawa ake sa ran gani ko da babu tagwaye, sannan a ƙirga abin da aka samu, a ga ko akwai rara.

Nan ne gizo ke saƙa. In ana sa ran 10 aka ga 14, rara ce ko dace? Ma'aunin wannan shi ake kira sigima, kuma al'adar masanan ita ce ba a cewa an gano sabon abu sai an kai sigima 5. Ma'ana, in babu komai a wurin, dace kaɗai ba zai kawo irin wannan rara ba sai sau ɗaya cikin kusan miliyan 3 da rabi. Sai da aka kai wannan mataki aka yi shelar gano wata ƙwaya da aka daɗe ana nema, mai suna Higis, ranar 4 ga Yulin 2012.

Wani zai ce tsaurin ya yi yawa. Ni ban ga haka ba. A ce maka wani gida an haifi maza bakwai a jere, za ka riƙe baki, don kusan sau ɗaya ne cikin 128. Amma ka bi gidajen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, ka wuce Tibiri, ka dawo ta Madarunfa, ai sai ka gaji da ƙirga irin waɗannan gidaje. Masu neman tagwayen nan ɗaruruwan ƙofofi suke ƙwanƙwasawa, dole wata ta ba da mamaki.

An kuwa ga haka a Disambar 2015. Na'urorin biyu suka hango wata 'yar rara a wajen nauyin furoton kusan 800. A ATLAS ta haura sigima 3 da rabi, amma da aka sa yawan wuraren da aka leƙa cikin lissafi, sai ta sauko kusan 2. Duk da haka masana suka rubuta ɗaruruwan maƙaloli suna fassara ta, an raɗa wa jariri suna tun ba a haife shi ba. Da aka tara ƙarin bayanai, a Agustan 2016 rarar ta ɓace ɓat. CERN dai ba ta taɓa cewa ta gano komai ba, kuma wannan ma'auni ne ya fisshe ta kunya.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni. Kafin su buɗe sakamako, masu binciken kan rufe wa kansu ido: su tsayar da sharuɗɗan tacewa tukuna, sannan su duba. Mai awon hatsi ma, in ya riga ya san tiya nawa yake so ya samu, hannunsa kan san yadda zai yi da tozon.

Ina aka kwana? A 2022 aka fara karon da ƙarfin da ya zarce na baya, kuma har yau Usaina ba ta fito ba. Sai dai “ba mu gani ba” na waɗannan mutane yana zuwa da lamba. Suna cewa, da tabbacin kashi 95 cikin 100, tagwayen da ake kira guluwino, a mafi sauƙin fasalin ka'idar, in yana nan to nauyinsa ya haura na furoton 2,000. Ku lura da sharaɗin, “a mafi sauƙin fasali”. Ka'idar tana da maɓuya da yawa, shi ya sa masu goyon bayanta ke cewa an share tsakar gida ne, ba a leƙa rumbu ba. Masu suka kuwa na tambaya: rumbu nawa za a leƙa kafin a haƙura?

A nan muka kawo ƙarshen sharhin. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.