Fita shaƙatawa da ƙaramin jirgi a dajin Idaho

Assalamu alaikum jama'a, sannunku da haƙuri, na baya kuna jina dai ko? To madalla. Yau maganar jirgin sama za mu yi, amma ba irin mai kwasar alhazai ba, ƙananan nan masu farfela ɗaya da kujera biyu ko huɗu, wanda a Amurka mutum zai ɗebi matarsa da yaransa ko abokansa ranar Juma'a su nausa cikin duwatsu, su sauka a kan ciyawa, su kafa tanti su kama kifi su kwana biyu su dawo.

Inda abin ya fi ƙarfi shi ne jihohin Alaska da Idaho da Montana. Alaska dai dole ce ta sa, yawancin garuruwansu babu titin mota da ke kaiwa. Idaho kuwa akwai wani makeken daji da ake kira Frank Church, eka sama da miliyan 2, a 1980 aka killace shi, ba a shiga da mota, amma dokar ta bar tsofaffin filayen saukar jirgi da ke ciki su ci gaba da aiki. A gefen dajin akwai filin Johnson Creek kusa da ƙauyen Yellow Pine, shi ne ya fi suna, ciyawa ce shar tsawon kusan mita 1,000, gwamnatin jihar ke kula da shi, har wurin wanka akwai, sai ka ga jirage sun jeru kowa da tantinsa a ƙarƙashin fiffike. Jiragen ma ba sababbin yayi ba ne, Piper Super Cub tun 1949 aka fara ƙera shi, Cessna 182 kuma 1956, wasu su sa musu manyan tayoyi masu laushi saboda tsakuwa da ramuka.

To a nan nake so ku nutsu, don hoton da kuke gani a Facebook ba ya nuna lissafin. Ɗauki Cessna 182 ɗin nan, abin da zai iya ɗauka gaba ɗaya, mai da mutane da kaya, wajen kilo 500 ne, ya danganta da samfurin. In ka cika tanki man kaɗai ya haura kilo 200, saura nawa? Manya huɗu masu kilo 75 sun riga sun kai 300, ba a zo kan tanti da kula da tukwane ba. Wato kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu, ko ka rage mai ko ka rage kaya ko wani ya haƙura ya zauna a gida.

Sannan ga zafi. Johnson Creek yana kan tudun kusan mita 1,500, ya ɗara Jos, kuma iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara, inji bai samun abin shaƙa, farfela ba ta kamawa, fiffike bai ɗagawa yadda ya saba. Ranar da zafi ya kai digiri 30 a wurin, jirgin ji yake kamar yana kan mita 2,400, injin ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, gudun da zai yi a ƙasa kafin ya tashi ya ƙaru sosai, ga bishiyoyi a gabansa ba matsawa za su yi ba. Shi ya sa mutanen can suke tashi da sassafe, kafin hantsi ya dubi ludayi sun gama zirga-zirga sun ɗaure jirage. Wasu filayen cikin kwazazzabo ma ta gefe ɗaya kawai ake shiga, in ka kai wani wuri babu fasawa, dutse ne a gaba, dole ka sauka.

Ni a ganina abin da ya fi dutsen haɗari shi ne kunya. Mutum ya yi wa iyali alkawari tun wata guda, yara sun ɗauki zumuɗi, aboki yana da aiki ranar Litinin, ga hadari ya haɗo ko rana ta take, sai ya kasa buɗe baki ya ce yau ba za mu tashi ba. Waɗanda suka daɗe a harkar tun a gida suke gaya wa kowa cewa ranar dawowa ba tabbas, su ɗora kowa da jakarsa a sikeli ba wani kara, ko surukinka ne sai ya hau.

Abin da ya rage a taƙaice, ba a zuwa filin da ba a sani ba sai an fara zuwa da malamin da ya san wurin, galibi jirage biyu ko uku ke tafiya tare suna sanar da inda suke ta rediyon jirgi a tashar 122.9, kuma tunda babu sabis ɗin waya a can sai an riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam, da bargo da ruwa da abincin ƙarin kwana.

To bari in dakata a nan, malam na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa masa abin magana.