Gashaka Gumti Ba Gidan Zu Ba Ne

Jama'a masu sauraro, duk damina sai wannan ƙorafi ya dawo a Facebook. Matasa su ɗauki tanti su tafi gandun dajin Gashaka Gumti a tsakiyar Agusta, ruwa ya jiƙa su sharkaf, su dawo suna cewa wai babu komai a dajin sai sauro da taɓo, gara a sare katakon a sayar kowa ya huta. Haba jama'a!

Wa ya ce muku Gashaka gidan zu ne? Dajin nan da ya haɗa Taraba da Adamawa, wanda ya zama gandun ƙasa a 1991, babu mai girmansa a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ruwan da kuke kuka da shi, shi ne arzikin wurin. Shi ya raya kurmin da birin cimfanzi ke zaune, shi ke gangarowa ta Kogin Kam zuwa Kogin Taraba har ya faɗa Binuwai, inda masunta da manoman rani ke samun na abinci.

A Yankari da rani giwa ke zuwa Kogin Gaji don ƙishirwa ta matsa mata. To dabbar da ruwa ke ko'ina a gabanta, ciyawa ta fi mutum tsawo, me zai fito da ita ta tsaya muku hoto? Kallon dabba a kurmi sai da haƙuri da ɗan jagora. Shi zai nuna maka sawun ɓauna a laka, ya ɗaga kai ya nuna maka sheƙar ganye da cimfanzi ya kwana a ciki daren jiya. Kai da ka shigo da sifika tana kiɗa, ko gafiya ba za ta jira ka ba.

Na yarda hanyoyin ciki na wahalar da mutane, kuma hukuma na da aiki a gabanta. Amma maganar sare itace? A kai kasuwa. Masu saran madobiya sun riga sun yi wa dazukan Taraba ɓarna, yanzu kuma mai yawon buɗe ido ne zai ba su hujja saboda rigarsa ta jiƙe?

Mai son zuwa ya bari sai tsakanin Disamba da Maris. In kuwa sai damina kake so, ka fara biyawa ofishin gandun a Serti, ka ɗauki jami'i, kuma kada ka kuskura ka kafa tanti a bakin rafi. Ruwa kan zuba a kan tsauni inda ba ka gani, tsakar dare rafin ya cika ya tafi da kai da kayanka, alhali ko ɗigo bai sauka inda kake ba.