Sharhi: Shawarar Uwais da ke jira tun 2008

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 29 ga Mayu 2007, a jawabinsa na kama mulki, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faɗi abin da ba a saba ji daga bakin wanda ya ci zaɓe ba. Ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Ga takardar shaida a hannu, ga sojoji suna sara masa, amma ya san yardar jama'a ba a takarda take ba. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce iko na al'umma ne, daga gare su gwamnati take samo nata.

Da ya tashi neman gyara, ɗan Zariya ya ɗora wa aikin: marigayi Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya. A Disambar 2008 kwamitinsa ya miƙa rahoto. Cikin shawarwarin har da a cire zaɓen shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, daga hannun shugaban ƙasa, majalisar kula da harkokin shari'a ta riƙa tantance sunaye, a kuma kafa hukumar da za ta gurfanar da masu maguɗi. Har yau shugaban ƙasa ne ke miƙa sunan. Ɗan dambe ke nan ya zaɓi mai rabon dambe, sannan a ce abokin karawarsa ya kwantar da hankalinsa.

Duk wanda ya taɓa wuni a rumfar zaɓe a Tudun Wada ko Ƙofar Doka ya san yadda yammacin yake. Ana ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi, mai goyon da ta kama layi tun hantsi tana tsaye ba ta tafi ba. A nan ko wanda ya faɗi yakan karkaɗe rigarsa ya wuce gida, don a gabansa aka yi. Rigimar tana somawa ne in dare ya yi, takarda ta bar unguwa. Ba banza ba talaka ya ƙirƙiro kirarin nan na a kasa, a tsare, a raka.

Mu ma da namu laifin, kada mu kauda kai. Taliya, atamfa da 'yan canjin da ake miƙawa a bayan katangar firamare, hannu biyu ne ke haɗuwa a kansu.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 ke da rajista, kusan miliyan 25 suka fita, wanda ya yi nasara bai kai ƙuri'a miliyan 9 ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar masa, ta fuskar doka magana ta ƙare. Amma sauran da suka zauna a gida, tambaye su a majalisar mai shayi a Sabon Gari, amsar ba ta wuce "ai sun riga sun rubuta wanda suke so".

Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin.