Lacca Kan Ajiyar Busasshiyar Taliyar Gilashi

Jama'a, barkanku da zuwa. Wannan ƙullin da na ɗaga muku shi ne abin da ake kira taliyar gilashi. An sa mata sunan ne don in ta dahu sai ta yi garai-garai, kana iya hango ƙasan kwano ta cikinta. Ba da fulawar alkama ake yin ta ba. Sitaci ne da ruwa kawai: na wani ƙaramin koren wake, ko na dankali, ko na rogo. A China ana ce mata fensi, kuma wadda ta fi suna ita ce ta Longkou a lardin Shandong. Mutanen Koriya suna yin tasu da dankali mai zaƙi, su kira ta dangmyeon, Japanawa kuwa harusame suke cewa.

To, wane tsawon lokaci take yi a ajiye? A kan ledar za ka ga kamfani ya ba ta shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har uku. Wannan kwanan wata yana nuna iyakar lokacin da kamfanin ya tsaya mata a kan inganci ne. Wucewarsa ba ya mayar da ita guba. Dalilin daɗewarta biyu ne. An busar da ita har ta kai ƙwayoyin cuta ba sa samun ruwan da za su hayayyafa. Sannan kusan babu mai a jikinta, saɓanin taliyar da ake soyawa kafin a ƙunshe, wadda man jikinta ke fara wari in ta daɗe.

Don haka abin da nake so ku riƙe shi ne danshi. Sitaci yana zuƙar laima daga iska a hankali, ba tare da ka lura ba. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Na buɗe leda, na ɗebi rabi, na naɗe bakin na tura ta kan kantar da ke saman murhu. Kullum tururin tukunya yana hawa can. Da na dawo kanta bayan wasu makonni, zaren da ya kamata ya yi tauri kamar waya ya yi laushi, ya manne da juna, ga ɗigon baƙin fumfuna a tsakiyar ƙullin, daidai inda iska ba ta shiga. Kwanan watan da ke ledar kuwa da saura wata takwas. Na ji zafin zubar da ita ƙwarai, amma babu yadda zan yi, domin dafuwa ba ta kawar da gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari a abinci.

Da zarar an buɗe leda, a juye abin da ya rage cikin kwalba ko roba mai murfin da ke rufewa gam. A tabbatar mazubin ya bushe ƙarau kafin a zuba. A ajiye shi nesa da murhu da wurin wanke-wanke, kada a ɗora a ƙasa, kada kuma rana ta riƙa dukansa. A nisanta shi da sabulu da kayan ƙamshi, don sitaci yana ɗaukar warin abin da ke kusa da shi. Murfin nan kuma shi ke tare ƙwari.

Wata Hajiya daga can baya tana tambaya ko za a iya sa busasshiyar a firiji. Hajiya, ban ba ki shawara ba. Duk sanda kika fito da ita, raɓa za ta taru a jikin mazubin mai sanyi, ruwan da muke gudu ke nan.

Wadda aka jiƙa ko aka dafa kuwa hukuncinta daban. Kada ta wuce awa 2 a waje, a sa ta a firiji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Za ta yi tauri, ta yi fari-fari saboda sanyi, amma in kin ɗumama ta da ɗan ruwa har ta yi zafi sosai, za ta koma garai-garai yadda take.